Daga Landan Zuwa Bakin Kogin Tyne: Na Bi Sawun Maganganun Turawa

Shekara 19 na yi ina koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma a cikin duk darussan da nake bayarwa babu wanda yake ba ni kunya a ɓoye kamar darasin salon magana. Idan jarrabawar WAEC ta ƙarato sai in cika allo da maganganun Turawa, kowace da ma'anarta a gabanta, yara su kwafa su haddace. Wata rana wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni abin da ya haɗa kyanwa da kare da ruwan sama, har Bature zai ce "it is raining cats and dogs" a inda mu za mu ce ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ce masa ya haddace kawai, domin haka masu harshen suke faɗa. Wannan yaron ne ya girma ya zama injiniya a Landan, kuma shi ne ya sauke ni a gidansa lokacin da na je Ingila wani kwas na mako 3 a watan Yuli. Da kwas ɗin ya ƙare ina da sauran kwana 10 kafin ranar komowa, sai ya tuna mini da tsohuwar tambayarsa yana murmushi, ya ce, "Malam, har yanzu fa ina bin ka bashin amsa." A daren nan muka shimfiɗa taswirar jiragen ƙasa a kan tebur, muka yanke shawarar zuwa garuruwan da sunayensu ko sana'o'insu suka shiga bakin Turawa suka zauna.

Kayan aikinmu bai wuce katin ɗakin karatu na unguwarsu ba, wanda yake ba shi damar buɗe babban ƙamus ɗin Oxford a wayarsa. Wannan ƙamus, da aka fara fitar da shi kashi-kashi a 1884 aka kammala bugun farko a 1928, ba ma'ana kaɗai yake bayarwa ba, yana kawo jimlolin da aka samu an rubuta kalma a cikinsu tare da shekarar kowace, tun daga mafi tsufa. Nan da nan na ga kamancin aikin da na malaman hadisi, waɗanda ba sa karɓar ruwaya don ta yi daɗin ji sai sun duba isnadinta. Idan aka ce wani abu da ya faru a shekara kaza ne ya haifi magana, amma aka tarar an rubuta maganar kafin wannan shekara, to labarin ya faɗi. Haka kuma idan ba a ga maganar a rubuce ba sai bayan shekaru masu yawa, to labarin yana da rauni.

Da tambayar ɗalibina muka fara gwada wannan ma'auni, kuma sammako muka yi cikin yayyafin Landan wanda bai kai ko rabin abin da muke kira ruwa a watan Agusta ba. Labarin da ya fi yawo shi ne wai a da kyanwoyi da karnuka suna kwana a kan rufin ciyawa na gidajen Turawa, idan ruwa ya yi ƙarfi sai su zamo su faɗo. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jinka ya san kare ba ya hawa can, kuma babu wani tsohon rubutu da yake goyon bayan wannan zance. Abin da yake a rubuce shi ne cewa tun tsakiyar ƙarni na 17 marubutan Ingila suke kwatanta ruwa mai ƙarfi da zubowar karnuka da wasu dabbobi, sannan Jonathan Swift ya rubuta maganar kusan yadda ake faɗinta yau a 1738. Shi ne kuma a 1710 ya siffanta yadda ambaliya take kwaso matattun kyanwoyi da 'yan kwikwiyo ta bi da su titunan Landan, a zamanin da babu magudanun kirki. Ɗalibina ya ce ya karɓi rabin bashinsa.

Daga nan muka taka zuwa titin Drury Lane, inda gidan wasan kwaikwayo na Theatre Royal yake. Ginin da ke tsaye yanzu na 1812 ne, shi ne na 4 a wannan fili tun daga 1663. A nan ne a 1709 wani marubuci mai suna John Dennis ya shirya wasansa, ya kuma ƙirƙiro wata sabuwar dabara ta kwaikwayon ƙarar aradu a bayan labule. Wasan bai karɓu ba, masu gidan suka janye shi bayan 'yan kwanaki. Ba a daɗe ba Dennis ya je kallon wani wasa na Shakespeare a gidan, sai ya ji aradunsa tana rugugi, ya fusata ya ce sun hana wasansa tafiya amma sun sace masa aradu. Daga nan "steal someone's thunder" ta fito, wato mutum ya riga ka amfani da dabararka ya kwashe yabon da ya kamata a yi maka. Ina tsaye a gindin ginshiƙan gidan sai na tuna da tamu, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, na kuma lura da cewa tasu ta fito daga dandalin wasa tamu ma daga dandalin wasa ta fito, sai dai namu dandalin bakin kasuwa ne.

Washegari muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Street domin tafiya Kambirij. A jikin bangon da ke gefen tashar akwai wani ƙaramin allo shuɗi da yake nuna cewa a nan asibitin Bethlehem na farko ya tsaya daga 1247 zuwa 1676. Gidan ibada ne tun asali, daga baya ya zama wurin tsare masu taɓin hankali, bakin talakawan Landan kuma ya tauna sunan har ya koma "bedlam". Har zuwa 1770, bayan ma asibitin ya koma wani sabon gini, ana barin jama'ar gari su shiga su yi kallon marasa lafiya kamar masu kallon namun daji, kuma daga ihu da hargitsin wurin kalmar ta koma nufin duk inda ya rikice da hayaniya. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin a Kano ma idan aka ce wa mutum sai Dawanau, kowa ya san ba kasuwar hatsi ake nufi ba.

Titin da ke gaban tashar, Bishopsgate, shi ne ya sada mu da mutumin da muka fito nema. A wani masauki da ke kan wannan titi Thomas Hobson yake sauka duk lokacin da ya kawo kaya da wasiƙu daga Kambirij, sana'ar da ya yi shekaru masu yawa yana yi har ya rasu a 1631 yana da shekara fiye da 80. Ban da jigilar kaya, yana da barga mai dawaki wajen 40 da yake ba ɗaliban jami'a haya. Ya lura cewa kowa doki mai gudu yake zaɓa, har 'yan dawakin da suka fi kyau suna neman rafkewa saboda wahala alhali sauran suna hutawa, sai ya kafa doka cewa dokin da ke kusa da ƙofa shi ne na mai haya, in bai so ba ya tafi a ƙasa. Wanda ya dawo daga aiki kuma sai a kai shi can ƙarshen layi. Shi ya sa "Hobson's choice" take nufin zaɓin da ba zaɓi ba, wato ko ka ɗauki abin da aka miƙo maka ko ka tashi a tutar babu, irin abin da muke cewa dole ƙanwar na ƙi. Shekara da shekaru ina koya wa yara wannan magana ina ɗaukar Hobson a matsayin wani azzalumi, ashe mutum ne mai tausayin dabba da sanin tattalin jari.

Kambirij ba ta manta da shi ba. Akwai titi mai sunansa a tsakiyar gari, kuma a gefen titin Trumpington mun ga ruwa yana gudana a cikin wasu 'yan lambatu na dutse, ragowar hanyar ruwan sha da aka jawo wa garin a farkon ƙarni na 17, wadda Hobson yana cikin waɗanda suka sa dukiyarsu a ciki, har ake kiranta da sunansa. Na kusa jefa ƙafa a ɗaya daga cikinsu ina kallon gine-ginen kwalejoji, ɗalibina ya riƙo hannuna ya ce, "Malam, a hankali, kada ruwan Hobson ya yi mana tsarabar targaɗe." Wannan labari ya tsallake ma'auninmu lafiya, domin mutumin sananne ne, kuma maganar ta bayyana a rubuce cikin shekara 30 bayan rasuwarsa, a lokacin da waɗanda suka hau dawakinsa suna raye.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na fi koyon taka-tsantsan, shi ne Portsmouth, garin sojan ruwa da ke kudancin Ingila, tafiyar kusan awa 2 daga tashar Waterloo. A can jirgin yaƙin nan HMS Victory yake ajiye a busasshen wurin gyara tun 1922. An saka shi a ruwa a 1765, yana ɗauke da igwa 104, kuma a kansa aka harbi babban hafsan sojan ruwa Admiral Horatio Nelson a yaƙin Trafalgar na 1805, inda mutum fiye da 800 suke cikinsa. Sai mutum ya sunkuya yake iya tafiya a benayen ƙasa, kuma da na ga yadda ake rataye shimfiɗun barci a jere a saman igwogi na fahimci dalilin da ya sa rayuwar jirgi ta cika bakin Turawa da maganganu. Al'ummar da ta yi ƙarnuka arzikinta da tsaronta suna kan teku dole harshenta ya yi ƙanshin gishiri, kamar yadda namu yake cike da jaki da raƙumi da rumbu da kasuwa.

Wasu daga cikin maganganun teku ingantattu ne. An ce igiyoyin da ke jikin jirgi irin wannan sun kai tsawon mil 26, kowace da sunanta da aikinta, don haka sabon shiga ba ya zama cikakken matuƙi sai ya san su, wanda shi ne "know the ropes", wato sanin makamar aiki. "Taken aback", da ake faɗa wa wanda abu ya zo masa ba zato ya yi turus, asalinta iska ce da take juyowa ta bugi filafilan jirgi ta gaba ta manna su da sanda, jirgin ya tsaya cik. "By and large" kuwa, wadda yau take nufin galibi ko a dunƙule, kalmomi biyu ne na matuƙa, ɗaya tana nufin tafiya kusan fuskantar iska ɗaya kuma tafiya iska na turowa daga baya, don haka jirgin da yake tafiya da kyau a hali biyun ya yi kyau ta kowace fuska. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce "slush fund", da muke ji a labarai ana nufin asusun ɓoye na sayen 'yan siyasa. Asalinta kitsen da kukun jirgi yake yaɗewa daga tukunyar naman gishiri, ya tara a ganga ya sayar idan an iso gaɓa, kuɗin ya zama na 'yan buƙatun da ba sa shiga littafin lissafi.

A bene na biyu muka haɗu da wani dattijo, shi ma baƙo ne kamarmu, ya ce ya yi aikin sojan ruwa a ƙuruciyarsa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya karɓe ragamar zance. Ya nuna mana farantan katako masu kusurwa huɗu ya ce daga nan "square meal" ta fito, wato abinci mai ƙosarwa. Ya nuna bulalar nan mai harshe tara da ake kira kyanwa, ya ce ƙuncin wurin ne ya sa ake cewa "no room to swing a cat", domin babu sararin da za a kaɗa ta. Ya ƙara da cewa kalmar "posh", ta masu ƙwalisa da hannu da shuni, gajarta ce ta rubutun da ake bugawa a tikitin attajirai masu tafiya Indiya domin a ba su ɗakin da ke gefen inuwa. Ya iya ba da labari, har mutane suka taru suna gyaɗa kai, ni ma ina ta rubutawa a littafina.

Da muka zauna shan shayi a bakin ruwa ɗalibina ya buɗe wayarsa, sai ga shi duka ukun sun kasa tsallake ma'auni. Rubuce-rubucen farko na "square meal" daga Amurka suke, a tsakiyar ƙarni na 19, kuma kalmar "square" ta daɗe tana nufin abin da yake cikakke ba algus. Maganar kaɗa kyanwa an rubuta ta a 1665, kafin a fara ganin sunan bulalar a takarda. Tikitin attajiran Indiya kuwa har yau ba a samu ko ɗaya mai wannan rubutu ba. Masu binciken asalin kalmomi har ba'a suke yi cewa akwai wani kwamitin ɓoye da aikinsa shi ne jingina kowace magana ga sojan ruwa. Ban ga laifin dattijon ba, domin abin da ya ji ya faɗa, kuma ni ma na sha faɗa wa ɗalibai cewa kalmar boko daga "book" ta Ingilishi ta samo asali, alhali masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda muke cewa amaryar boko. Labarin da ya dace da kunne ya fi saurin yaɗuwa, kuma mu malamai muna cikin manyan dillalansa.

Labarin Nelson kansa a tsakiya ya faɗo. A yaƙin Copenhagen na ranar 2 ga Afrilun 1801, shugabansa Admiral Hyde Parker ya ɗaga tutar umarnin a janye. Nelson, wanda idonsa na dama ya daina gani tun raunin da ya samu a tsibirin Corsica a 1794, an ruwaito cewa ya ɗora tabaron hangen nesa a kan makahon idon ya ce shi bai ga wata tuta ba, ya ci gaba da yaƙi har ya yi nasara. Kusan kowane littafin makaranta yana cewa daga nan "turn a blind eye" ta fito, wato kau da kai daga abin da ka gani sarai. Amma ƙamus ya nuna an rubuta makamanciyarta tun ƙarshen ƙarni na 17, haɗe da 'yar'uwarta ta toshe kunne, wadda mu muke kira kunnen uwar shegu. Abin da za a iya cewa shi ne Nelson ya tarar da maganar tana yawo, sunansa ya ƙara mata farin jini.

A Bristol na ga yadda gari yake riƙe da labari ko da hujja ta yi masa ƙaranci. A titin Corn Street, gaban tsohon zauren cinikin hatsi, akwai wasu teburori 4 na tagulla masu ƙafa ɗaya, tsayinsu ya kai ƙugun mutum, ana kiransu ƙusoshi. Biyu daga ciki suna ɗauke da shekarun 1625 da 1631. A kansu fatake suke zube kuɗi idan ciniki ya faɗa, don haka mutanen garin suke cewa su ne asalin "cash on the nail", wato biya nan take, kuɗi hannu. Matsalar ita ce kalmar "nail" tana nufin ƙusa tana kuma nufin farce, kuma an samu magana mai kama da wannan, ta biya a kan farce, a tsohon Faransancin da ake rubutawa a Ingila ƙarnuka kafin a ƙera teburorin. Garin Limerick na ƙasar Ireland ma yana da tasa ƙusar da irin wannan iƙirari. Ina ganin maganar ce ta ba teburorin suna da daraja, ba su suka haife ta ba.

Wadda Bristol take da cikakken haƙƙi a kanta ita ce "shipshape and Bristol fashion", da ake faɗa wa abin da aka kintsa tsaf. Tashar garin tana kan kogin Avon, inda bambancin cikar ruwa da janyewarsa yake wuce mita 12, don haka kafin a gina tashar da ke riƙe ruwa a 1809, jirage sukan kwanta a kan taɓo sau biyu a rana, kuma jirgin da ba shi da ƙwari ko wanda ba a ɗaure kayansa da kyau ba yakan yi asara. Na tsaya a bakin wannan ruwa jikina ya yi sanyi, domin da yawa daga cikin waɗannan jirage masu kintsi gaɓar Afirka ta Yamma suke nufa, kuma tsakanin 1698 da 1807 jiragen Bristol sun kwashi 'yan Afirka kusan rabin miliyan zuwa bauta. A wannan ruwa ne masu zanga-zanga suka jefa mutum-mutumin dillalin bayi Edward Colston a watan Yunin 2020. Yankinmu ma ya bar sawu a bakin Turawa ta wata hanyar, domin idan Bature yana son ya ambaci ƙarshen duniya sai ya ce "from here to Timbuktu". Tambutu da malamanmu da fatakenmu suka sani a matsayin birnin ilimi ita ce tasu Birnin Sin.

Coventry ba mu daɗe a cikinta ba. "Send someone to Coventry" na nufin jama'a su haɗa baki su daina yi wa mutum magana, su mayar da shi saniyar ware. Bayanin da aka fi kawowa yana komawa ga yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640, lokacin da garin yake bayan majalisa, ake kuma turo masa fursunonin da ke bayan sarki, mutanen gari suka ƙaurace musu. Mun ziyarci cocin St John da aka tsare fursunoni 'yan Scotland a cikinsa bayan yaƙin Preston na 1648. Maganar kanta sai a ƙarni na 18 ta bayyana a rubuce da wannan ma'ana, don haka na sa mata alamar rauni a littafina, ban soke ta ba. A jirgin komowa ɗalibina ya kawo "Bob's your uncle", da Turawan Birtaniya suke faɗa a inda za mu ce shi ke nan an gama. Ma'anarta kalma da kalma ita ce Bob kawunka ne, Bob kuwa gajarta ce ta sunan Robert, don haka ana jingina ta ga Firayim Minista Robert Cecil, wanda ya ba ɗan 'yar'uwarsa Arthur Balfour babban muƙami a Ireland a 1887. Na so ƙwarai labarin ya tabbata, domin ya yi daidai da mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, amma ba a ga maganar a rubuce ba sai a shekarun 1920.

Zangonmu na ƙarshe shi ne Newcastle, tafiyar awa 3 daga tashar King's Cross zuwa arewa maso gabas. "Carry coals to Newcastle", wato kai wa mutum abin da ya fi kowa yawansa, aikin banza ke nan, ta shiga rubutu tun ƙarni na 17, kuma ba ta buƙatar wani labari ya tallafe ta. Ƙarnuka da dama kwal ɗin da Landan take dafa abinci da jin ɗumi da shi daga wannan kogi na Tyne ake loda shi, bayan an haƙo shi a mahaƙan Northumberland da Durham. A aji na saba fassara ta da cewa kamar mutum ne ya ɗauki goro ya nufi Gwanja da shi, kuma sai a nan na ga kwatancen ya fi yadda na zata dacewa. Goro ba a Gwanja yake tsirowa ba, daga dazuzzukan Asante ake kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja inda ayarin fataken Hausa suke saye, kamar yadda Newcastle ita ma mashiga ce da ta ci sunan abin da ake haƙowa a kewayenta.

Mun tsallaka kogin zuwa Dunston domin ganin wani dogon dandamali na katako da aka buɗe a 1893, tsawonsa ya wuce mita 500, wanda jiragen ƙasa suke hawa su juye kwal kai tsaye cikin jiragen ruwa. Tun wajen 1980 aka daina aiki da shi, yanzu tsuntsaye ne suke sheƙa a jikinsa. Mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a Northumberland, ta Ellington, an rufe ta a 2005, ta ƙarshe a duk Birtaniya kuma, ta Kellingley, a watan Disambar 2015. Har an kai lokacin da jirage suke shigowa tashar Tyne da kwal daga ƙasashen waje, wato abin da kakanninsu suka mayar misalin wauta ya zama ciniki mai riba, amma maganar tana nan a littattafan da muke koyarwa da su a Zariya ba ta canza ko harafi ɗaya ba.

Da yamma wani abokin ɗalibina ya gayyace mu cin tuwo a gidansa, dattijo ne Bahaushen Gana da ya daɗe yana tuƙin tasi a garin. Bayan mun yi sallar magariba mun ci mun wanke hannu, sai na buɗe jakata na ciro sauran goron da na taho da shi daga gida, wanda na yi ta yayyafa wa ruwa kusan wata guda don kada ya bushe, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya yi godiya, ya juya shi a tafin hannunsa, sannan ya tambaye ni ko an gaya mini garinsu. Na ce a'a. Ya dubi ɗalibina, su biyun suka fashe da dariya, ya ce, "Malam, ai ni haifaffen Salaga ne."